Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisar Dokokin Tarayya: A Ajiye Hular Jam'iyya A Duba Masu Jiran Shari'a

Zuwa ga Shugaban Majalisar Dattawa, Kakakin Majalisar Wakilai, shugabannin masu rinjaye da na marasa rinjaye, da ɗaukacin sanatoci 109 da wakilai 360.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa irin wadda ta dace da shugabanni, da addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannayenku, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci.

Ni tsohon malamin makaranta ne da na ajiye alli. Ban taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, ba ni kuma da ƙungiya mai ofis da hatimi. Ina magana ne da yawun mutanen da na yi shekara biyu da wata bakwai ina bin layi tare da su a ƙofar gidan yari ranar ziyara: uwaye masu ɗauke da langa ɗaure cikin ɗankwali, matan aure masu goyo, da tsofaffi irina da ake sa mu ɗanɗana abincin da muka kawo a gaban gandiroba kafin a shigar da shi. A layin nan akwai wanda ya dangwala wa tsintsiya, akwai na lema, akwai mai jar hula, akwai wanda bai ma taɓa yin zaɓe ba. Ban taɓa jin an tambayi wani jam'iyyarsa ba. Tambaya ɗaya ce kullum: “Naku an kai shi kotu kuwa?”

Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali take fitarwa da kanta sun nuna mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun kai kimanin 80,000, kuma wajen biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba. Waɗannan su ne “'yan awaitin”, kamar yadda ake kiransu a ciki. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda kuka rantse za ku kare, ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Idan haka ne, mafi yawan waɗanda ƙasa take ciyarwa a kurkuku mutane ne da doka ba ta kama da komai ba tukuna.

Ba zan ce ba ku yi dokoki ba, don kun yi, kuma masu kyau. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu dab da saukarsa, a mulkin PDP. Dokar haramta azabtarwa ta 2017, da dokar da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali a 2019, da sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020, duk a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari na APC aka yi su. Kowane ɓangare ya aza tubalinsa, ba mai iya cewa ginin nasa ne shi kaɗai. Kukana shi ne an yi ginin an bar shi ba ƙofa ba taga, kowa yana shiga yana fita yadda ya ga dama.

Zan fara da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato ajiyar da ba ta da ranar ƙarewa. Ga yadda take faruwa. 'Yan sanda su kama mutum, su rubuta masa babban laifi, fashi da makami ko kisan kai, su kai shi gaban majistare alhali sun san ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Majistare ya ce a kai shi ajiya gidan yari har sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Daga nan sai fayil ya kama tafiya: daga caji ofis zuwa sashen binciken manyan laifuka, daga can zuwa teburin lauyan gwamnati. A kowane zango yana iya kwana, yana iya ɓata, ana iya yi wa ɗan sandan da ke riƙe da shi canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Shi kuwa mutumin yana ɗaki ɗaya da mutum ninkin abin da aka gina ɗakin dominsa, ana kwana a jere kamar an shirya kifin gwangwani.

Ɗan ƙanwata gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Ya sayi waya ta hannu a wurin wani, ashe ta sata ce, aka bi sawunta aka zo kansa. Bai musa cewa ya saya ba, har ya faɗi inda ya saya. Takardar da aka kai kotu ta ce haɗa baki da fashi da makami. Yana da shekara 23 a lokacin, an riga an kai kuɗin aurensa. Uwarsa ta sayar da keken ɗinkinta da awakinta biyu, don duk inda muka je akwai abin da ake kira kuɗin buga takarda, da kuɗin motar kai fayil, da na “ganin oga”. Sau uku ana ce mana shawara ta kusa fitowa. Da ta fito daga ƙarshe, layi kaɗan ne: babu hujjar da ta haɗa shi da fashi. Ya fito da ƙazuwa a jiki da tari mai naci, shagon an ba wani, kuɗin auren an dawo da su tun shekarar farko. Har yau idan zai kwanta a kan gefe ɗaya yake kwanciya ya takure ƙafafu, ko da shi kaɗai ne a kan katifar. Ba wanda ya ce masa ko da sannu, balle a yi zancen diyya da neman afuwar da sashe na 35 na tsarin mulki ya ce haƙƙin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na gano daga baya cewa doka ta hango duk wannan. Dokar 2015 ta ce umarnin ajiya kwana 14 ne, ana iya sabunta shi na ɗan wa'adi, kuma idan aka haɗa duka ba zai wuce wata biyu ba. In masu ƙara ba su kawo dalili ba, kotu ta sallami mutum. Ta ba Antoni Janar kwana 14 ya fitar da shawararsa bayan fayil ya iso hannunsa. Ta ce babban majistare ya riƙa ziyartar caji ofis ɗin yankinsa kowane wata ya ga waɗanda ke bayan kanta. Ta ce kowane ɓangare ba zai nemi ɗage shari'a fiye da sau biyar ba. Jihohi sun kwafe ta da 'yan gyare-gyare, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Tun 2012 ma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a kan Najeriya saboda wani mutum da ya shafe kusan shekara tara a irin wannan ajiya. Amma ku nuna min jami'i ɗaya da aka rage wa girma saboda fayil ya shekara a teburinsa. Dokar da ba ta tanadi abin da zai sami wanda ya karya ta ba, shawara ce kawai, kuma shawara ɗaukar ɗaki ce, in an ga dama a kama.

Na biyu shi ne abin da ke faruwa a kwana ukun farko, kafin ma a ga alƙali. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin yini ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, a gaya masa laifinsa a rubuce da harshen da yake ji, kuma yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya. Wane ɗan acaba ne aka taɓa karanta wa wannan? A garuruwanmu ana rubuta wa mutum jawabinsa da Turanci, a kamo babban yatsansa a dangwala, sai a kotu zai ji wai ya amsa laifi. Dokar 2015 ta yi maganar ɗaukar iƙirari a bidiyo, amma da lafazin “ana iya”, lauyoyi kuma suka yi shekaru suna jayayya ko wajibi ne ko ganin dama. A zamanin da ɗan sandan da ke tambayar yake da waya mai kyamara a aljihunsa, wannan jayayya ba ta da wurin zama. Dokar 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar da tsararre. Mu da muka ga tabon igiya a hannun 'ya'yanmu muna jiran mu ji sunan wanda aka ɗaure da ita.

Haka nan kamun wani a madadin wani. Dokar 2015 ta hana, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake hanawa, amma har gobe ana tafiya da uba don ɗansa ya gudu, ana tsare mace mai shayarwa don mijinta ya ci bashi. Bashin ma ai doka ta ce ba hurumin ɗan sanda ba ne, sai dai duk mai kuɗin da ke bin talaka ya san caji ofis ya fi kotu sauri. Addinin da mafi yawanmu muke bi ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, ya kuma ɗora hujja a kan mai da'awa. Ba baƙon abu muke roƙo daga Turai ba.

Sai beli. A kowane caji ofis akwai rubutu a bango cewa beli kyauta ne, kuma duk wanda ya taɓa zuwa belin wani ya san bangon ne kaɗai ya yarda da haka. A kotu kuma sai a gindaya sharaɗin babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar mallakar fili a tsakiyar birni. Mai sayar da rake daga ƙauye ina zai samo darakta ya tsaya masa? An ba shi beli a takarda, an hana shi a zahiri. Kun ga wannan da idanunku ranar 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da mutanen da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, cikinsu har da yara ƙanana daga Kano da Kaduna, bayan kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Da hotunan suka zagaya duniya, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a sake su, aka kuma janye tuhumar cikin 'yan kwanaki. Mun gode da hakan. Amma kyamara ce ta cece su, ba tsari ba. Akwai irinsu da yawa da ba wanda ya ɗauka hoto, suna kwana da manya masu manyan laifuka, alhali gidajen horon yara na tarayya da aka daɗe da sani uku ne kacal, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta.

Na san abin da wasunku za su ce, don ana faɗa min a majalisar unguwa: ƙasa tana fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane da masu ƙwacen waya, kai kuma kana maganar haƙƙin ɓarayi. Ni ma na yi jana'izar ɗalibina da aka soka wa wuƙa a kan waya, ba na neman sassauci ga wanda ya yi hakan. Abin da nake so a lura da shi shi ne, a duk shekarun da ɗan ƙanwata ya yi a ciki, wanda ya yi fashin na gaskiya yana waje yana cin kasuwarsa, domin a wurin masu bincike an riga an “kama mutum”, magana ta ƙare. Mai wayar da aka yi wa fashi shi ma bai sami adalci ba, ya gaji da zirga-zirga ya haƙura. Jinkirin shari'a ba ya cutar da mugu. Shaidu suna mutuwa ko su ƙaura, kayan shaida su ɓace, a ƙarshe a sallame shi. Wanda yake cutarwa shi ne marar laifi, da wanda aka zalunta. Yaron da ya shiga a kan satar kaza kuwa, shekara biyu a ɗaki ɗaya da ƙwararru ta ishe shi ya fito da digiri.

Kuma idan jama'a suka yanke ƙauna daga kotu, sai su koma ɗaukar doka a hannu. Mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 ba a ba su ko minti ɗaya su kare kansu ba. Duk wanda ya yi kukan wannan rana, ya sani abin da aka hana su shi ne abin da nake roƙa wa kowa: a tambaye ka, a ji ta bakinka, a kawo hujja.

Cunkoson ma kansa barazana ce ga tsaro. An fasa gidan yarin Kuje a watan Yuli 2022, ɗaruruwa suka tsere. Ruwan sama ya rusa katangar na Suleja a Afrilu 2024, ambaliya ta yi haka a Maiduguri a Satumba na shekarar. Gine-gine ne da yawansu tun na zamanin Turawa, an cusa musu abin da ya fi ƙarfinsu. A Nuwamba 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sakin mutum 4,068 da ke zaune saboda sun kasa biyan tara, da gudummawar naira miliyan 585 da aka tara. Aikin alheri ne. Sai dai ku yi lissafi: a raba kuɗin, kowane mutum bai kai naira 150,000 ba, gwamnati kuma tana ware naira 1,125 kullum don abincin fursuna guda. Cikin wata biyar an ci kuɗin tarar a gabza. Afuwa irin wannan kwasar ruwa ce daga ɗakin da rufinsa ke yoyo.

Ga abin da muke roƙo. Ku kafa kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu, shugaba daga jam'iyya mai mulki, mataimaki daga adawa, a ba shi wa'adi sananne ya kawo gyaran dokar 2015. Gyara mafi muhimmanci guda ɗaya ne: umarnin ajiya ya mutu da kansa idan wa'adinsa ya cika. Kada a jira sai fursuna ya sami lauyan da zai rubuta takarda. Ya zama shugaban gidan yari ne doka ta tilasta wa ya mayar da mutumin gaban alƙali, alƙali kuma ya ba da beli ko ya sallama. Idan shawarar ma'aikatar shari'a ta wuce lokacinta, a san sunan wanda fayil ya kwana a hannunsa, ya kuma shiga takardar aikinsa. Ku goge “ana iya” ku rubuta “dole”, ku ce iƙirarin da ba a ɗauka a bidiyo ba, ko ba a yi shi a gaban lauya ba, kotu ba za ta karɓa ba. Ku haramta sharaɗin belin da ya dogara da muƙamin mai tsayawa; mai unguwa, limami, shugaban 'yan kasuwa, ko uwar yaro, duk sun fi darakta sanin inda zai gudu. Diyyar tsarewa ba bisa ƙa'ida ba kuma ta riƙa fita daga kasafin hukumar da ta yi tsarewar, don ta ji a jikinta.

Sauran maganar ta kuɗi ce, kuma ku ne masu wuƙa da nama a kan kasafi. Hukumar ba da lauya kyauta tana nan tun 1976, amma lauyoyinta ba su isa ko'ina ba. Da yawa a layinmu ba su taɓa jin akwai ta ba. Dokar 2020 ta ce kowane babban caji ofis ya sami ɗan sanda lauya aƙalla guda. Majistare ba zai yi ziyarar wata-wata da man motarsa ba. Sau nawa muka wuni a kotu aka ce ba a kawo fursunoni ba saboda mota ba mai, ko an ɗage zama saboda babu tafinta? Dokar 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma da sa ido a kan mai laifi yana gidansa, amma sai da ma'aikata abin zai yiwu. A kuma samar da rajista guda ta kwamfuta da za ta nuna kowane tsararre, ranar da ya shiga da ranar zamansa na gaba. Ƙasar da ta iya bin sawun waya har shagon ɗan ƙanwata ba za ta ce ta kasa bin sawun fayil ɗinsa ba.

Kada ku ce wannan aikin jihohi ne. Gaskiya ne mafi yawan tsararru laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi, kuma tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 jihohi suna da ikon kafa gidajen gyaran halinsu. To, 'yan sanda na tarayya ne, tsarin mulki a hannunku yake, gwamnonin nan kuma 'yan jam'iyyunku ne, tare kuke cin abinci. Abin da kuka gyara a Abuja shi majalisun jihohi za su kwafa, kamar yadda suka yi da dokar 2015.

A Amurka, inda 'yan Republican da 'yan Democrat ba sa ga-maciji, sun haɗu a Disamba 2018 sun zartar da dokar sassauta wasu hukunce-hukuncen tarayya, da ƙuri'a 87 da 12 a majalisar dattawansu, Donald Trump ya sa hannu. Ku kuwa kuna da dalilin da ya fi nasu kusa. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu a 1997. Cif Olusegun Obasanjo daga gidan yari ya fito a 1998, shekara ta zagayo yana shugaban ƙasa. Buhari ya yi sama da shekara uku a tsare bayan juyin mulkin 1985 ba tare da shari'a ba, sannan a mulkinsa Kanar Sambo Dasuki ya yi shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi. A zaurenku na yau akwai waɗanda suka kwana a hannun hukuma lokacin da suke adawa, suka riƙa kiran sashe na 35 da na 36 kamar wuridi. Kun fi ni sanin cewa duniya rawar 'yan mata ce. Bambancin kawai shi ne ku kuna da manyan lauyoyi da 'yan jarida a ranar da abin ya juyo, mu ba mu da kowa.

Roƙona na ƙarshe ba ya bukatar kuɗi ko ƙudiri. A hutun majalisa mai zuwa, kowannenku ya je gidan gyaran halin da ya fi kusa da mazaɓarsa, ba da sanarwa ba, ba da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto ba. Ya tafi da abokin hamayyarsa na yankin in zai yiwu. Ya wuce ofishin shugaban gidan, ya ce a buɗe masa ɗakin 'yan awaitin, ya nemi a nuna masa mutum goma da suka fi daɗewa, ya tambayi kowannensu yaushe rabonsa da ganin alƙali. Ya rubuta amsoshin da hannunsa, ya karanta su a zauren majalisa ranar da aka dawo.

Wassalam. Allah Ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
a madadin iyalan masu jiran shari'a.